Tsawo da kusurwar wuyan keken tseren agogo: tambayoyi da amsoshi ga ƴan keken Yamai

Duk sanda wani a cikinmu ya samo keken tseren agogo na hannu daga Turai, ko ya ɗaura sandunan gaba a kekensa na yau da kullum, tambayoyi iri ɗaya ne ke tasowa, yawancinsu kuma a kan wuya: a canja shi, a juya shi, a sa gajere ko dogo? Shi ya sa aka tattara su wuri guda. Tseren agogo, ga wanda bai saba ba, shi ne wanda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, babu mai fakewa a bayan wani, wanda ya cinye tazarar cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. Tambayoyin farko na sabon shiga ne, lissafi yana tsakiya.

1. Wane ƙarfe ake nufi da wuya, kuma daga ina zuwa ina ake auna shi?

Wuya shi ne guntun ƙarfen da ke haɗa gidon, wato abin tuƙin keke, da bututun furshi, bututun nan da ya taso daga tayar gaba ya ratsa kan gangar keken ya leƙo sama. In ka je wurin mai gyara ka ce potansi, shi zai miƙo maka. A keken tseren agogo abin da wuyan ke riƙewa shi ne ƙaho, wato gidon mai birki a bakinsa. A kan ƙahon ake ɗora sanduna biyu masu miƙewa gaba, da madogarai biyu inda ake aza hannu kusa da gwiwa.

Ana auna tsawonsa daga tsakiyar ramin bututun furshi zuwa tsakiyar ramin da ke riƙe ƙaho. Wanda ya aza mita daga baki zuwa baki zai samu ƙarin wajen santimita 4 da ba sa cikin lissafi, ya je ya sayo wanda ba shi ba. Yawanci ana ƙera su daga milimita 60 zuwa 140, da tazarar goma-goma, kuma adadin yana rubuce a ƙasan wuyan ko a cikin ramin ƙaho, tare da kusurwarsa.

2. Santimita ɗaya ko biyu ne fa. Me ya sa ake damuwa da su haka?

Saboda iska. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, in gudu ya kai kilomita 40 a awa, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙafarka wajen ture iska yake tafiya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na iskar nan jikinka take bugu, keken ragowar kawai yake ɗauka. Wuya shi ke nuna inda gwiwar hannu za ta zauna, inda ta zauna kuwa can kafaɗa da kai da baya za su bi.

Labarin da kowa ke kawowa shi ne na Tour de France na 1989. Ranar ƙarshe aka yi tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, Laurent Fignon yana gaba da daƙiƙa 50. Greg LeMond ya hau da sandunan gaba, Fignon ya hau da ƙaho kawai, ko hular kwano bai sa ba. LeMond ya fi shi da daƙiƙa 58, ya ɗauke gasar baki ɗaya da tazarar daƙiƙa 8.

3. Da wuya zan fara gyara, ko da sirdi?

Sirdi tukuna, wuya daga ƙarshe. Bututun sirdi na keken tseren agogo ya fi miƙewa tsaye, digiri 76 zuwa 80, alhali na keken hanya 73 ko 74 ne. An yi haka ne don a mirgino jikin mahayi gaba dukkansa, baya ya kwanta ba tare da cinya ta matse ciki ba. To in ka sayi wuya yau, gobe ka turo sirdi gaba da santimita 2, tazarar da ke tsakanin mazauninka da hannunka ta ragu da santimita 2, wuyan da ka saya ya zama gajere.

Ga yadda ake bi: tsayin sirdi, sai matsayinsa gaba ko baya, sai inda madogarai ya kamata su zauna, sannan a nemo wuyan da zai kai su wurin. Abin da aka fi gani shi ne akasin haka, hannu bai kai ba, sai a jawo sirdi gaba don a cike giɓi. Sirdi don ƙafa aka yi shi, in an motsa shi saboda hannu gwiwa ce za ta ji a jikinta. A kuma lura da inda kake zama da gaske in tsere ya yi zafi. Yawancin mutane zamewa suke zuwa hancin sirdi, daga can ya kamata a yi awo.

4. Ba mu da shagon da ke da na'urar awo. Yaya zan auna a gida?

Lambobi biyu ake nema: tsayin madogari sama da cibiyar feda, da nisansa gaba da ita. Cibiyar feda ita ce tsakiyar sandar da hannuwan feda biyu ke juyawa a kanta. Lambobin nan biyu naka ne, ko ka canja keke da su za ka tafi, wuya kuwa hanya ce kawai ta kai wa gare su.

Nemi ɗaki mai daɓen siminti da ya daidaita. Jingina tayar baya da bango, keken ya tsaya cak babu karkata, wani ya riƙe maka. Ɗaura noti a bakin zare, ka sake shi daga tsakiyar madogari har ya kusa taɓa ƙasa, ka jira ya daina lilo, ka yi alama da alli. Yi haka daga cibiyar feda. Auna kowace alama daga bango, ka debe ƙarama daga babba, nisa ke nan. Sai ka auna daga daɓe zuwa cibiyar feda, da kuma daga daɓe zuwa saman soson madogari, ka debe, tsayi ke nan. Wasu kamfanoni daga bayan madogari suke aunawa maimakon tsakiyarsa, don haka ka rubuta wanda ka bi.

Bayan awo sai bidiyo. A riƙe waya a gefe daidai tsayin ƙugu, nesa da mita 3 ko 4, a ɗauke ka kana taka feda da ƙarfi, a kan abin horo na gida in akwai, in babu a hanyar da ba mota, ka wuce ta gaban mai ɗauka. Hoton da aka yi kana jingine da bango ba ya faɗin gaskiya, kowa yana da kyan zama in ƙafa ba ta aiki.

5. Tsawona mita 1.75 ne. Wuya mai milimita nawa zan sa?

Tsawon mutum ba ya ba da amsa. Mutum biyu masu tsawo ɗaya, wannan ƙafarsa ce doguwa, wancan gangar jikinsa ce, kekunan ma kowane da nasa tsawon. A bidiyon da aka yi bayani a tambaya ta 4 ake dubawa: damtse da gangar jiki su yi kusan digiri 90, ko su ɗara kaɗan. Haka ne ke sa nauyin ƙirji ya bi ƙashin damtse ya sauka a madogari, tsoka ta huta. Shi kuma madogarin ya zauna gaban gwiwar hannu da faɗin yatsa biyu ko uku.

In wuya ya yi tsawo, kafaɗu za su gaji kafin ƙafa, ka yi ta zamewa gaba kana komawa baya, hannunka ya riƙa kama tsakiyar sanduna ba bakinsu ba. In ya yi gajarta, baya zai yi doro, numfashi ya ƙuntata, gwiwar ƙafa ta riƙa gogar gwiwar hannu, ko ta bugi madogari in ka miƙe tsaye a kan feda, kamar a hawan da ke fitowa daga bakin kogi zuwa cikin gari.

Yawancin kekunan nan suna daidaita da wuya tsakanin 70 da 110. Kafin ka sayi komai, leƙa ƙarƙashin madogarai: galibinsu suna da jerin ramuka da ke ba da damar matsar da su gaba ko baya. In kana da wuya 90 kana neman ƙarin santimita ɗaya, ramukan nan sun ishe ka. In biyu ko uku kake nema, sai a koma ga 100 ko 110, ramukan su cike sauran. In kuwa sai ka sauka ƙasa da 60 ko ka haura 130 kafin ka ji daidai, gangar keken ce ba taka ba, babu wuyan da zai gyara wannan. Kada kuma a tsaya kwafar zaman ƙwararru irin su Remco Evenepoel ko Filippo Ganna daga hoto, kayan aro ba ya rufe katara.

6. Mene ne ma'anar ±6 da ±17 da ke rubuce a jikin wuya?

Kusurwar ce, kuma ba daga ƙasa ake ƙirga ta ba, daga layin da ya yi gicciye da bututun furshi ake ƙirgawa. Bututun furshi ba a tsaye yake sak ba, ya kishingiɗa baya, yawanci digiri 72 ko 73. Saboda haka wuya mai kusurwa 0 a keke mai digiri 73 zai ɗaga sama da digiri 17. Alamar ± tana nufin ana iya ɗaura shi a sunkuye ko a juya shi a ɗage. Lissafin: a debe kusurwar bututu daga 90, sannan a ƙara ko a debe ta wuyan.

Ɗauki wuya mai milimita 100 a keke mai digiri 73. In −17 ne, kwance yake daram, bai ɗaga ko kaɗan ba, ya miƙa gaba da 100 cif. In −10 ne, ya ɗaga da milimita 12, ya miƙa 99. In −6 ne, ya ɗaga da 19, ya miƙa 98. Juya wannan na shidan ya koma +6, zai ɗaga da 39, ya miƙa 92. Wato juyi kawai, ba tare da ka kashe ko dala ba, ya ɗaga hannunka da santimita 2, ya dawo da shi baya da milimita 6. Mai +17 kuwa ya ɗaga da 56, ya miƙa 83 kacal.

Abin lura a nan shi ne tsawo da kusurwa ba sa rabuwa. Duk wuyan da ya ɗaga sosai, wani ɓangare na tsawonsa sama ya tafi. Haka nan in ka tashi daga 90 zuwa 120 a kusurwa −6, ba gaba kawai ka je ba, ka ɗaga da kusan milimita 6. Bayan kowane canji a koma bango a sake awo.

7. Ina so in ɗaga hannuna. Zobba zan ƙara, wuya zan juya, ko madogarai zan ɗaga?

Duka ukun suna ɗagawa, amma ba abu ɗaya suke ɗagawa ba. Zoben da aka sa ƙarƙashin wuya yana ɗaga ƙaho da madogarai tare. Mai milimita 10 yana ɗagawa da kusan 9 da rabi, ya dawo da komai baya da kusan 3, saboda kishingiɗar bututu. Sai dai yana da iyaka: a bututun kabon, yawancin kamfanoni ba sa yarda a wuce milimita 30 zuwa 40 na zobba. Juya wuya ma ƙaho da madogarai yake ɗagawa tare, kamar yadda aka lissafa a tambaya ta 6. Ƴan ƙarafan da ake sawa ƙarƙashin madogarai kuwa su da sanduna kaɗai suke ɗagawa, ƙaho ya zauna inda yake.

Ƙwararru hanya ta uku suke bi, shi ya sa za ka ga ƙaho can ƙasa, madogarai a kan doguwar hasumiya. Su a hanyar da aka rufe musu suke tsere. Mu da muke horo tsakanin faba-faba da kabu-kabu da amalanken jaki, hannu yana barin sanduna ya nemi birki sau da yawa, kuma in birkin yana santimita 10 ƙasa da madogari, kowace sauka faɗawa ce gaba. Ra'ayinmu shi ne a raba: ɗan zobe ko wuya mai −6, sauran tsayin a cike shi ƙarƙashin madogarai.

8. Na cire zobba duka, har yanzu madogarai sun yi mini sama. Sai yaya?

Wannan ya fi samun gajerun mahaya da mata. A koma wuya mai −17, in bai isa ba akwai masu −25. A cire duk abin da ke ƙarƙashin madogarai, ko a nemi sandunan da madogaransu ke zama dab da ƙaho. Bayan an ɗaura, a juya gidon dama da hagu har ƙarshe a tabbata ƙaho ko birki ba ya bugun ganga. Amma kafin duk wannan a karanta amsa ta gaba.

9. Ashe ba wanda ya fi kwanciya ƙasa ne ya fi gudu ba?

Har zuwa wani wuri, e. Daga nan kuma asara ce. Kowane santimita da kafaɗa ta sauka, kusurwar da ke tsakanin cinya da ciki tana ƙara matsewa a daidai lokacin da feda ke sama, ƙarfi ya ragu, ƙugu ya fara rawa a kan sirdi. Sannan zaman da ba za ka iya riƙewa minti 30 ba ba shi da amfani. Mai tashi ya kama ƙaho kowane minti biyar don ya miƙe baya ya zubar da duk abin da ya samu. Akwai ma wani abin mamaki: madogarai in sun yi ƙasa ainun, mutum yakan ɗago kai don ya ga hanya, kan ya tsaya sama da baya yana tare iska. Ɗaga su da santimita ɗaya ko biyu sau da yawa yana ba kai damar nutsewa tsakanin kafaɗu. Dubi manyan ƴan tsere na yanzu, hannuwansu a ɗage suke kusa da fuska, ba kamar na shekarun 1990 ba.

In cinya ce ke matsewa, gajeren hannun feda, misali milimita 165 maimakon 172.5, yana buɗe wurin ba tare da an taɓa wuya ba. Sai a ɗaga sirdi daidai abin da aka rage, a sake duba tsayin madogarai.

Ganin hanya kuwa ba abin ciniki ba ne. A watan Janairu na 2022 Egan Bernal, wanda ya ci Tour de France na 2019, yana horo a keken tseren agogo a Kolambiya ya afka wa motar bas da ta tsaya a gabansa, ya karya ƙasusuwa da dama har da na baya. A hanyar filin jirgi mota tana iya tsayawa ɗaukar fasinja ba sigina. Duk wuyan da ya hana ka hangen nesa ba tare da ka murɗe ƙeya ba, ya yi ƙasa.

10. Gajeren wuya ko dogo, wanne ya fi daɗin tuƙi?

Gajere yana sa kan keke ya yi saurin juyawa, ɗan motsin hannu kaɗan taya ta karkata. Dogo yana kwantar da tuƙi, amma yana tura nauyi kan tayar gaba, kuma keken tseren agogo dama nauyinsa a gaba yake. In madogarai sun haye saman cibiyar tayar gaba, birkin gaggawa ko rami na iya ɗaga tayar baya. Tun da da gwiwar hannu ake tuƙi a kan sanduna, kuma gwiwoyin suna kusa da juna, kowane aibi na tuƙi ninkuwa yake yi.

Da hunturu ake gane wannan. Hanyar Dosso kudu maso gabas ta nufa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ta gefen hagu take dukan mai fita, ta dama mai dawowa. Ga tirela in ta wuce ta yanke iskar ta sake ta. Mai wuya 60 da tayar gaba mai faɗin gefe da ke tare iska zai sha wahala a nan fiye da mai 90. In an rasa zaɓi tsakanin biyu, ɗauki mai ɗan tsawon, ka dawo da madogarai baya ta ramukansu. Yashin da ke taruwa a gefen kwalta ma ba a shiga shi hannu a kan sanduna, kowane irin wuya ne.

11. Keken hanya gare ni, sanduna kawai na ɗaura. Sai na canja wuya?

Ba dole ba, kuma a yi hattara. Wuyan keken hanya an zaɓe shi ne don hannu ya kai birki, in ka gajarta shi saboda sanduna ka ɓata zamanka na kullum. Fara da gajerun sanduna masu madogaran da ke komawa bayan gidon. In keken don tseren agogo kaɗai ka ware shi, to turo sirdi gaba kamar yadda aka ce a tambaya ta 3, ka ɗan ɗaga shi, sannan ka duba nisa; wani zai buƙaci rage milimita 10 ko 20, wani kuwa turo sirdin ya riga ya gyara masa. Kan keken hanya ya fi tsayi, shi ya sa −17 ke yawan amfani a nan. Gidon na kabon kuma ba kowanne ake matse sanduna a kansa ba, sai wanda kamfaninsa ya ce ya yarda.

12. Akwai dokar da ta iyakance yadda zan miƙe gaba?

Akwai, a gasar da ke bin dokokin UCI, hukumar tseren keke ta duniya. Asalinta tun shekarun 1990 ne, lokacin da Graeme Obree ya fito da zaman miƙe hannuwa gaba tamkar mai tashi sama, Chris Boardman kuma ya yi kilomita 56.375 cikin awa ɗaya da wannan zama a Manchester a 1996. Bayan nan aka hana. Tun farkon 2023 an raba mahaya gida uku bisa tsawo. Daga layin da ya taso tsaye daga cibiyar feda zuwa bakin sanduna, har da abin canja giya: milimita 800 ga wanda bai kai santimita 180 ba, 830 ga mai 180 zuwa 189, 850 ga mai 190 zuwa sama. Tazarar tsayi tsakanin madogari da bakin sanda kuwa 100, 120 da 140. Wannan in hancin sirdi yana bayan cibiyar feda da aƙalla santimita 5. Wanda ya turo sirdi ya wuce haka, 750 ce iyakarsa. Karkatar madogari ba ta wuce digiri 30.

Evenepoel, wanda ya ci tseren agogo na gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, yana rukunin farko; Ganna, mai kilomita 56.792 a awa ɗaya tun Oktoban 2022, yana na uku. Abin da ya shafi wuya shi ne duk milimita 10 da ka ƙara masa, bakin sanduna ma ya yi gaba da kusan haka. In ka haura iyaka, ja sandunan baya a cikin maƙalarsu, ka bar madogarai inda suke. Dokokin nan ana taɓa su lokaci-lokaci, don haka kafin gasa a tambayi masu shiryawa wanda za su bi.

13. Kekena ba shi da wuya irin wanda kuke faɗi, komai a haɗe yake.

Sababbin kekuna irin su Trek Speed Concept da Canyon Speedmax da Cervélo P5 haka suke, wuya da ƙaho nasu ne na kansu, na kasuwa ba ya shiga. Duk gyaran a ƙarƙashin madogarai ake yin sa da ƙarafan kamfanin. Wanda zai sayi irin wannan na hannu ya tabbata an haɗo masa da jakar ƙarafan da dogayen kusoshinsu, domin samo su daga baya a Yamai aiki ne. Ga mai farawa, tsohon keke mai wuya na gama-gari, irin Cervélo P2, ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba.

14. Me zan duba kafin in sayi wuya na hannu?

Ramuka biyu tukuna. Bututun furshi na yawancin kekunan zamani milimita 28.6 ne, tsofaffi 25.4, wasu ƴan kaɗan 31.8. Ramin ƙaho yawanci 31.8 ne, tsofaffi 26.0 ko 25.4, na kekunan daji kuma akwai 35. Tafi da tsohon wuyanka a aljihu, ko a Katako ne ko wurin abokin hawa, a gwada a gabanka. Kada a yarda a cike rami da yankan gwangwani.

Sai lafiyarsa. Goge shi tas, ka kai shi rana, ka bi gefen ramukan kusoshi da murfin gaba da ido; tsaga takan fito siririya kamar gashi daga bakin rami. Kusa ta shiga da hannu ba tare da tauri ba, in zaren ya cinye a bar shi. Na alminiyam mai sauƙin kuɗi ya ishi kowa, musamman tun da mai yiwuwa ka canja sau biyu kafin ka dace. Aro ma ya fi saye a wannan mataki. Kabon marar suna da ake tallarsa a intanet da araha, mu dai ba ma sa wa kekenmu. Wuya mai lanƙwasa da ake daidaita kusurwarsa da kusa yana da amfani wajen neman matsayi, in an samu sai a cire shi a sa tsayayye.

15. Yaya ake ɗaura shi daidai?

Bakin bututun furshi ya kasance ƙasa da saman wuya, ko saman zoben da ke kansa, da milimita 2 ko 3, in ba haka ba murfin sama ba zai matse komai ba. A bututun kabon an fi so a bar ƙaramin zobe a saman wuya. Kusar murfin sama ake fara ɗaurewa, a hankali, kusoshin gefe suna sake. Kama birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya, yatsa a mahaɗar bututu da ganga. In kana jin ƙas-ƙas ƙara kaɗan, in gidon ya ƙi juyawa da kansa in an ɗaga gaba, ɗaurin ya yi yawa. Daidaita wuya da taya, sannan ka ɗaure na gefe. Kusoshi huɗu na murfin gaba a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙarfin ɗauri yana rubuce a jiki, yawanci Nm 5 ko 6, wanda bai kai yadda hannun mai gyaran babur ya saba ba. In babu makulli mai awon ƙarfi, a yi da gajeren makullin alen, da yatsu.

Kada a yanke bututun furshi sai an yi makonni da sabon matsayin, abin da aka cire daga ƙasa a mayar da shi sama. In an ƙara tsawo, a duba wayoyin birki da giya ba su ɗame ba in an juya kai. A wannan zama gumi daga haɓa kai tsaye kan kusoshin wuya yake ɗiga, kuma a zafin Afrilu da Mayu za ka ga farin gishiri ya daskare a kawunansu. A wanke da ruwa bayan hawa, a shafa ɗan giris a zaren kusoshi, amma ban da jikin bututun kabon.

16. Na canja. Yaya zan san ya yi daidai?

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, milimita 5 zuwa 10, a ba jiki mako biyu. Don gwaji, zaɓi miƙaƙƙen yanki da ka sani, ka yi shi zuwa da dawowa domin iska ta biya kanta, bayan sallar asuba kafin motoci da zafi su taso, da iskar taya iri ɗaya da kaya iri ɗaya. Rubuta lokaci da bugun zuciya in kana da abin aunawa. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, a maimaita a ranaku daban-daban. Ka kuma lura ko ka iya zama a kan sanduna minti 20 ba tare da ka tashi ba.

Ciwo ma yana nuna inda matsalar take. Ƙeya da tsakanin kafaɗu: ya yi ƙasa, ko ya yi nisa. Gaban kafaɗa da bayan damtse: ya yi nisa. Ƙasan baya da gaban ƙugu: cinya ta matse, a koma tambaya ta 9. Yatsu suna mutuwa: duba inda madogari ke danna hannu da yadda wuyan hannu ya lanƙwashe a bakin sanda. Mutuwar gaba kuwa yawanci sirdi ne, a koma tambaya ta 3 kafin a taɓa wuya. Gajiyar tsoka ta makon farko takan wuce da kanta, amma mutuwar jiki ko ciwon da ya kwana biyu bayan an sauka daga keke, a mayar da tsohon awo a je a ga likita.